Tabaran Likita Mai Kyamara da Bukatun Majinyacin Fadamar Haɗeja

Rabin milimita ɗan ƙanƙanin awo ne, ƙwayar gero ɗaya ta ninka shi sau da dama. Duk da haka, a kan wannan awo ake yanke hukuncin da ya shafi idanun ƙaramar hukuma sukutum. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tun 1987 ita ce ma'aikacin lafiya ya juya fatar idon yaro ta sama, ya duba bayanta. Idan ya ƙirga ƙananan ƙuraje biyar ko fiye, kowanne faɗinsa ya kai rabin milimita, to yaron yana ɗauke da amosanin ido. Idan kuma aka tarar yara biyar ko fiye cikin kowane ɗari, daga 'yan shekara 1 zuwa 9, suna da wannan alama, sai a raba wa jama'ar yankin magani gaba ɗaya, babba da yaro. Masu bincike in suka kuskure wajen ƙirga, ko dai su hana dubban mutane maganin da suke bukata, ko su sa a ɓarnatar da shi inda ba a bukatarsa.

Ba a yin wannan aiki da tsurar ido. Da wani ɗan tabarau ake yin sa, wanda ake ɗaurawa a goshi, mai ninka girman abu sau biyu da rabi. Likitocin tiyata da na haƙori ma da danginsa suke aiki. To ga shi yanzu wasu kamfanoni a ƙasashen waje sun fito da ƙanensa mai aiki da lantarki, mai kyamara da allo. Hotunansa sun fara yawo a wayoyinmu, kuma ina kyautata zaton ba da jimawa ba dillalan kayan asibiti za su fara kai shi ofisoshin gwamnatocin jihohinmu. Shi ya sa nake ganin ya dace mu tattauna a kansa tun kafin a rattaba hannu kan wata kwangila. Na ɗauki Haɗeja da fadamarta a matsayin ma'auni, domin duk na'urar da ta iya aiki a Guri ko Kirikasamma cikin watan Agusta, babu inda ba za ta yi aiki ba a Arewa.

Daga gilashi zuwa kyamara

Ilmin da aka gina waɗannan kayan a kansa tsoho ne. Tun farkon ƙarni na 11 Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, kuma ya bi diddigin yadda hasken ke karyewa idan ya ratsa ruwa ko gilashi. Sai dai an daɗe kafin wannan ilmi ya shiga ɗakin tiyata. A 1876 wani likitan ido Bajamushe, Edwin Saemisch, ya haɗa tabarau mai ƙara girma da ake gani da shi ta ido biyu. A 1921 likitan kunne Carl Olof Nylén na ƙasar Suwidin ya yi tiyata da madubin ƙara girma, sannan a 1953 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da babban madubin tiyata mai tsayuwa a kan ƙafarsa, wanda jikokinsa ne ake gani yau a manyan asibitocin ido.

Tabaran likita na gilashi zalla iri biyu ne. Akwai mara nauyi, mai ninka abu kamar sau biyu zuwa uku da rabi, shi ne aka fi amfani da shi. Akwai kuma mai ɗan nauyi, mai ninkawa har sau shida ko takwas, na masu ɗinkin jijiyoyi. Dukansu ba sa cin wuta, ba sa neman intanet. Idan ba su faɗi sun fashe ba, mutum zai yi shekaru yana aiki da guda ɗaya. Amma suna da iyaka. Girman da suke nunawa ba ya canzawa, tazarar da ke tsakanin idon likita da wurin aikin ma ƙayyadadda ce. Gwargwadon yadda aka ƙara ninkin, gwargwadon yadda filin da ake gani ke tsukewa. Likita kuma dole ya sunkuyar da kai zuwa inda yake dubawa, abin da ya sa ciwon wuya da na baya suka zama ruwan dare a tsakanin likitocin haƙori a duk duniya.

Na lantarkin ya bi wata hanya dabam. Ƙananan kyamarori biyu ne a gabansa suke ɗaukar hoton wurin aikin, wata 'yar kwamfuta ta sarrafa hoton, ta nuna shi a ƙananan alluna biyu da ke daidai idanun likita. Saboda kyamarorin biyu ne, yana ganin zurfi da tudu kamar yadda ido biyu ke gani. Yana iya ƙara girman hoton ko ya rage ba tare da ya cire tabaran ba. Ana iya karkata kyamarar ƙasa, shi kuwa ya zauna kansa a miƙe. Ana iya naɗar bidiyon aikin, ko a aika shi kai tsaye ga wani likita a wani gari. Kamfanin NuEyes na Amurka yana da samfurin da ya kira NuLoupes, kamfanin Beyeonics na Isra'ila kuma yana yin na tiyatar ido. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, mai sanye da irin wannan tabarau ba majinyacin yake kallo kai tsaye ba, hotonsa yake kallo. Amfanin na'urar da haɗarinta duka daga nan suka samo asali.

Amosanin ido da gashin da ke juyawa

Babu aikin da ya fi nuna bukatar ƙarin gani a ƙasar Haɗeja kamar yaƙi da amosanin ido. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda masana ke kira Chlamydia trachomatis. Tana yaɗuwa ta hannu, ta tsumma da mayafi, da kuma ta ƙudan da ke sauka a kan kwantsa da majinar yara. Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Maimaituwar kamuwa shekara da shekaru ce ke barin tabo a bayan fatar ido, tabon ya riƙa takurewa har ya lanƙwasa bakin fatar zuwa ciki. Daga nan sai gashin ido ya juya yana gogar baƙin ido a duk ƙiftawa, har wurin ya yi fari, gani ya tafi. Kusan duk wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san wata tsohuwa mai ajiye hantsaki a bakin zane, wadda jikarta ke tsige mata gashin ido duk 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne cutar ta makantar ko ta raunana musu gani, kuma mata sun fi maza makancewa da ita har kusan ninki huɗu, saboda su ne kullum tare da yara.

Jigawa tana cikin jihohin da cutar ta yi wa katutu. Binciken da wasu likitocin ido daga Jos suka wallafa a 2015 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar a jihar yana da alamar cutar, kuma kusan mutum biyar cikin ɗari na manya gashin idonsu ya riga ya juya. A tsakanin ƙarshen 2012 da farkon 2016 ƙungiyar Sightsavers ta jagoranci aikin tantance yaɗuwar cutar a ƙasashe 29, aka duba idon mutum miliyan 2.6, Najeriya na ciki. Kayan aikin kowace tawaga ba su wuce tabaran goshi da wayar hannu ta shigar da bayanai ba. Ma'aikatar lafiya ta jihar, da tallafin ƙungiyoyi irin su CBM da HANDS, ta yi shekaru tana rabon maganin azithromycin da kamfanin Pfizer ke bayarwa kyauta, kuma cutar ta ja baya a tsakanin yara.

Sai dai magani ba ya goge tabo. Matar da ta sha kamuwa tana yarinya shekara arba'in da suka wuce, gashin idonta zai iya juyawa bana, ko da babu sauran yaro mai cutar a ƙauyensu. Maganinta tiyata ce ta 'yan mintoci, wadda ma'aikacin jinya da aka horar kan ido yake yi, sau da yawa a ɗakin shan magani na ƙauye. Yakan tsaga fatar idon, ya juyo bakinta waje, ya ɗinke. Aikin gajere ne amma na milimita ne. Idan tsagar ta karkace ko ɗinkin bai daidaita ba, gashin zai sake komawa ciki. Wani gwaji da aka yi wa mutum 1,000 a yankin Amhara na Habasha, aka wallafa a 2016, ya nuna bayan shekara guda matsalar ta dawo wa kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wata dabarar tiyata, da kashi 22 na waɗanda aka yi wa ɗayar. Tsohuwar da aka yi wa aiki ya ɓaci ba ta komawa gida ita kaɗai da ciwonta, takan hana maƙwabtanta goma zuwa. Ghana ta kawar da cutar a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Benin da Mali a 2023. Wa'adin da duniya ta sa shi ne 2030, kuma ingancin wannan ɗan ɗinki yana cikin abubuwan da za su nuna ko za mu cim masa.

Ƙaiƙayi, ƙugiya da haƙori

Fadama tana da nata raunukan. Lokacin girbin shinkafa da alkama a Auyo da kewaye, ƙaiƙayi kan faɗa wa manomi a ido ya karce baƙinsa. Karcen da aka gano da wuri, aka cire abin da ya maƙale, aka sa magani, yakan warke cikin kwanaki. Wanda aka bari, ko aka ɗiga masa abin da aka samu a kasuwa, yakan zama gyambo ya cinye idon. Masunta na fama da ƙugiya da ƙayar kifi a yatsa da tafin ƙafa. Masu walda da masu niƙa a cikin garin Haɗeja na zuwa da ɓurɓushin ƙarfe a ido. Duk waɗannan ƙananan ayyuka ne ga wanda yake gani sarai, manya ne ga wanda yake laluben su da hasken tocilar waya.

Haka abin yake a baki. A karkararmu maganin ciwon haƙori kusan guda ɗaya ne, a cire. Alhali haƙori da yawa da ake zubarwa za su tsira da an ga ramin tun yana ƙarami an yi masa ciko. Idan ruɓar ta kai jijiya, ceton haƙorin sai an wanke 'yan siraran hanyoyin da ke cikin saiwarsa. Mataunin farko na sama yakan ɓoye wata hanya ta huɗu wadda da wuya tsurar ido ta gan ta, kuma idan aka bar ta ciwon yakan dawo. Shi ya sa tun 1998 aka wajabta wa masu ƙwarewa a wannan fanni a Amurka koyon aiki da madubin ƙara girma. Akwai kuma zaizayar baki, cutar da ke cin fuskar yara masu fama da tamowa, wadda ake da asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma Najeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Farkonta kumburin dasashi ne da ɗan miki. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki sun isa su tsayar da ita, amma sai an samu wanda ya buɗe bakin yaron ya duba da haske mai kyau.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne idon ma'aikacin lafiyar kansa. Daga shekara arba'in ganin kusa yakan fara raguwa ga kusan kowa. Wato a daidai lokacin da hannun ungozoma ko nas ya nuna, ta san aikinta ciki da bai, a lokacin ne zaren ɗinki ke fara yi mata dishi-dishi. Da yawa ba sa faɗa, don kada a ce sun tsufa.

Abin da na lantarkin ya fi da shi

Ba zan rage wa sabuwar na'urar darajarta ba. A ganina babban amfaninta a wurinmu koyarwa ce. Fatar ido da cikin baki wurare ne da ba sa ɗaukar kai biyu. Ɗalibi yakan tsaya a bayan malami yana leƙe, ba ya ganin komai sai ƙeyarsa. Idan kuma aka miƙa wa ɗalibin wuƙa, malamin ne ke komawa leƙe. Da tabarau mai kyamara, ɗalibai ashirin za su kalli abin da malami ke gani a babban allo, shi ma zai ga daidai inda bakin wuƙar ɗalibinsa ya dosa, ya tsayar da shi kafin ya yi ɓarna. Ma'aikacin da aka horar aka tura shi Birniwa ko Kaugama yana iya naɗar ayyukansa, mai sa ido a Dutse ko Kano ya duba ya gyara masa. A yanzu yawanci sai bayan watanni, idan majinyata suka dawo da matsala, ake gane wane ne hannunsa ke karkacewa.

Amfani na biyu shi ne neman shawara daga nesa. A ambaliyar 2020 da ta 2022 hanyoyi sun yanke a sassa da dama na masarautar, wasu garuruwan sai da kwale-kwale ake isa gare su. Ko a shekarar da babu babbar ambaliya, ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tana sa kogi ya malala inda ba a zata ba. Majinyacin da ke irin wannan wuri ba zai kai kansa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano cikin sauƙi ba. Idan ƙwararre zai iya ganin idonsa ta idon ma'aikacin da ke gabansa, zai iya cewa wannan a sa masa magani kaza ya zauna, wancan kuwa a fito da shi yau ko ta halin ƙaƙa. An gwada irin wannan a yankin Kingandu na lardin Kwilu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ƙungiyar Memisa ta ƙasar Beljiyam ta ba ma'aikatan jinya na karkara tabarau mai kyamara na kamfanin Iristick, suna magana da likitan babban asibiti yana ganin abin da suke gani. Abin lura shi ne ba tabaran kaɗai aka kai ba. An haɗa da baburan ɗaukar marasa lafiya da kayan gwaji, domin shawarar likita ba ta da amfani idan babu hanyar aiwatar da ita.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko wuta ce. Tabarau na gilashi idan aka ɗauke wuta yana nan yadda yake. Na lantarki idan batirinsa ya ƙare a tsakiyar aiki, likita ya rasa ganinsa da wuƙa a hannu. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke gajarta ran batir ya sa na'ura ta ɗau zafi a goshin mai ita. Ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, ga laimar damina. Hoton kuma yakan ɗan makara kafin ya iso allo. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma idan ya yi yawa hannu da ido sukan saɓa, wasu har jiri da ciwon kai suke ji. Aika bidiyo kai tsaye yana bukatar intanet mai ƙarfi, wanda ya fi ƙaranci a daidai wuraren da aka fi bukatar shawarar.

Matsala ta biyu ita ce maraici. A watan Yunin 2013 wani likitan tiyata a jihar Maine ta Amurka, Rafael Grossmann, ya yi aiki sanye da tabaran Google Glass yana watsa hotonsa, duniya ta ɗauka makomar tiyata ke nan. A watan Maris na 2023 kamfanin Google ya daina sayar da shi. A 2024 Microsoft ma ya daina ƙera nasa, HoloLens 2. Idan manyan kamfanonin duniya suna watsar da 'ya'yansu haka, yaya ƙananan da ke yin tabaran likita za su yi ranar da kasuwa ta juya musu baya? Na'urar da ke dogara da manhaja, ranar da mai manhajar ya rufe shago ta zama kayan ado.

Matsala ta uku tamu ce. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, Perry da Malkin, sun duba bayanan kayan asibiti 112,040 a ƙasashe masu tasowa 16, suka wallafa a 2011 cewa kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin horar da masu amfani da su, rashin tsarin kulawa da gyara, da rashin abubuwa irin su wuta. Duk wanda ya taɓa leƙa sito a wani asibitin gwamnati ya ga wannan da idonsa, na'urori a cikin ledarsu, an yanke musu ƙyalle an ɗauki hoto, an kulle. Kwangilar sayen kaya tana da masoya da yawa, kwangilar gyara kuwa marainiya ce.

Matsala ta huɗu sirri ne. Kyamarar da ke goshin likita fuskar mutum take ɗauka. Matar da ta yarda ta buɗe fuskarta ga ma'aikacin lafiya saboda lalura ba ta yarda hotonta ya kwana a wayar wani ba, balle ya faɗa zauren WhatsApp. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Amma kafin doka akwai amana. Hoto ɗaya idan ya fita, ƙauye guda zai iya rufe ƙofa ga masu aikin ido na shekaru.

Ta ina za a fara

Shawarata ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa, da shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, da attajiranmu masu neman lada, ita ce a bi abin daki-daki.

A fara da auna idon ma'aikatan lafiya da suka haura shekara arba'in, a ba duk mai bukata gilashin karatu. Wannan shi ne mafi arha, kuma amfaninsa daga ranar zai fara. Sai a tabbatar kowane ɗakin shan magani da ke ɗinki ko duba ido da baki yana da tabaran goshi na gilashi da fitilar goshi mai caji da hasken rana. Kuɗin tabarau ɗaya na lantarki ya isa ya sayi gwammai na waɗannan. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai suna Arclight da aka haɓaka a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan, mai shiga aljihun riga, tana caji da rana, ana duba cikin ido da kunne da ita, kuma tana da gilashin ƙara girma a jikinta. Domin wurare irin namu aka ƙera ta.

Bayan haka ne za a zo kan na lantarki, shi ma kaɗan, a inda ake koyarwa da inda ƙwararru suke, kamar Babban Asibitin Haɗeja, da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jahun. A ɗauke shi a matsayin gwaji na shekara ɗaya ko biyu, a rubuta tun farko abin da za a auna, misali mutum nawa ne gashin idonsu ya sake juyawa bayan tiyata a hannun waɗanda aka horar da shi, idan aka kwatanta da sauran. Kada a biya kuɗi sai na'urar tana da rajistar NAFDAC, sai an rubuta a yarjejeniya shekarun da dillali zai kawo batir da kayan gyara, sai an tabbatar tana ƙara girma ko babu intanet, kuma sai an ajiye tabaran gilashi a gefe don ko-ta-kwana. A sa dillalin ya horar da matasa masu gyara, ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman nan a cikin Haɗeja, ga kuma yaranmu masu gyaran waya da suka riga suka saba da ƙananan na'urori. A kuma tanadi takardar neman izini da Hausa, da ajami ga mai bukata, a karanta wa majinyaci kafin a kunna kyamara.

Na san akwai masu cewa irin wannan magana ce ke sa kullum a bar mu da tsohon yayi, su kawo misalin wayar salula, wadda ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin wayar tangaraho ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ni ma ba na fatan likitan da ya yi karatu a Kano ko Zariya ya ga kayan aikin zamani sai ya tsallaka Saudiyya ko Ingila. Rashin kayan aiki yana cikin abubuwan da ke korar likitocinmu. Amma mu tuna abin da ya zaunar da salula a karkara. Ta yi arha, mai caji ya buɗe rumfa, mai gyara ya kafa tebur a kasuwa, kuma mai ita da kuɗinsa ya saya, don haka yake tattalinta. Ranar da tabaran lantarki ya samu irin wannan gata, ba sai wani ya rubuta maƙala yana roƙo a kawo shi ba. Kafin ranar, aikinmu shi ne mu shirya masa ƙasa, mu gwada shi a hankali.

Ya kamata kuma mu tuna cewa tiyata kashi ɗaya ce cikin huɗu na tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada don kawar da amosanin ido. Sauran ukun su ne magani, wanke fuska, da tsabtar muhalli, wato ruwa mai kyau da masai. Ƙasar da kogi ya ratsa, wadda ke ciyar da Najeriya da shinkafa da kifi, bai kamata a samu yaro a cikinta da ƙuda a ido saboda rashin ruwan wanke fuska ba. Rijiyar burtsatse ɗaya a makarantar allo ko ta boko za ta rage wa likitocin shekara arba'in masu zuwa aikin da babu tabaran da zai rage musu.

Ina roƙon 'yan majalisarmu na jiha su yi waɗannan tambayoyi duk ranar da aka kawo musu kasafin sayen irin waɗannan na'urori: wa zai sa, wa zai gyara, da wace wuta, kuma me aka fara saya wa ɗakin shan magani na ƙauye? Idan amsoshin sun gamsar, a saya, mu yi murna. Idan ba su gamsar ba, a mayar da kuɗin inda tsohuwa mai hantsaki za ta amfana da su bana. Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.